Balaga da Salon Adabi a Nassosin Yahudawa da Kirista: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗaliban makarantun tauhidi, masu wa'azi, da masu nazarin adabi ko tarihin addinai, Musulmi da Kirista. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu zurfi. Ayoyin da aka kawo, ma'anarsu aka bayar, don haka lafazin zai iya bambanta da na fassarar da ke hannunka.

1. Me ake nufi da karatun balaga da karatun adabi?

Hanyoyi biyu ne masu kusanci da juna. Mai karatun adabi yana duba yadda aka gina nassi: zubi da tsari, jigo, taurarin labari, kalmar da aka maimaita, wurin da mai ba da labari ya yi shiru. Mai karatun balaga yana ƙara tambaya guda a kan wannan: wa ake yi wa magana, me ake so ya yi, kuma da wace dabara ake jan hankalinsa? Na farko ya fi aiki a labarai da waƙoƙi, na biyu a wa'azin annabawa da wasiƙu, amma a aikace sukan cuɗanya.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Wanda ya san bambancin habaici da zambo, ya kuma san cewa gugar zana ba a kama sunan wanda ake yi wa, ya riga ya san cewa yadda aka faɗi magana wani ɓangare ne na abin da aka faɗa.

2. Waɗanne littattafai ne ake magana a kansu, kuma da wane harshe aka rubuta su?

Nassin Yahudawa, wanda suke kira Tanak, kashi uku ne: Attaura, Annabawa da Rubuce-rubuce. Da Ibrananci aka rubuta shi, ban da wasu surori na Daniyel da Ezra da ke cikin harshen Aramiya. Kirista sun karɓe shi a matsayin Tsohon Alkawari, da ɗan bambancin jeri, suka haɗa da littattafai 27 na Sabon Alkawari, waɗanda aka rubuta da Helenanci, wato Girkancin da jama'a ke yi a zamanin. Batun harshe yana da nauyi, duba amsa ta 11.

3. Wannan ba sabon salo ba ne da jami'o'in Turawa suka ƙirƙiro?

Sunan ne sabo. Malaman Yahudawa na dā suna da ƙa'idodin fassara bakwai da ake jingina wa Hillel, da goma sha uku da ake jingina wa Rabbi Isma'ila. Ta farkonsu ita ce abin da Bahaushe ke yi da kalmar "balle": in ƙaramin abu ya tabbata, babba ya fi cancanta. 'Yan'uwan Yusufu sun yi amfani da ita a Farawa 44:8, da suka ce kuɗin da suka tarar a bakin buhunansu ma sun dawo da shi tun daga Kan'ana, yaya za su yi sata? Yesu ma ya yi amfani da ita a Matiyu sura 6: in Allah yana tufatar da ciyawar da gobe za a jefa a murhu, balle ku.

A ɓangaren Kirista akwai Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a garin da yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Malamin balaga ne, ya koyar a Kartaj da Rum da Milan kafin ya zama bishop. Wajen shekarar 426 ya kammala wani littafi inda ya ɗauko Romawa 5:3-5 ya nuna yadda manzo Bulus, marubucin wannan wasiƙa, ya ɗora kalma kan kalma kamar matakala: wahala ta haifi jimiri, jimiri ya haifi ingancin hali, ingancin hali ya haifi sa zuciya. A Andalus kuwa, Musa ibn Ezra, mawaƙin Yahudawa ɗan Garnaɗa, ya rubuta littafi da Larabci a ƙarni na 12 yana zaƙulo adon harshen da Larabawa ke kira badi'i daga cikin nassin Ibrananci. Wajen 1475 aka buga littafin Yahuda Messer Leon a Mantuwa ta Italiya, wanda ya auna maganganun annabawa da ma'aunin Aristotil da Sisero, malaman balagar Girka da Rum na dā.

Abin da zamani ya kawo shi ne farfaɗowa. A 1968 James Muilenburg ya tsaya gaban babbar ƙungiyar masu nazarin Littafi Mai Tsarki a Amurka ya ce lokaci ya yi da za a koma ga kallon fasahar kowane nassi shi kaɗai. Daga wannan jawabi aka saba lissafa farkon tarken balaga na zamani.

4. Me ya raba shi da tarken tarihi, wanda ke rarraba Attaura gida-gida?

Tarken tarihi, wanda Julius Wellhausen na Jamus ya yi fice da shi tun 1878, yana tambayar daga ina nassi ya fito, hannu nawa ya taɓa shi. In ya ga maimaici ko tsinkewar labari, sai ya ce ga ɗinki, an haɗa tushe biyu. Mai karatun adabi yakan ce dakata, mu fara ganin ko maimaicin yana da aiki.

Farawa sura 38 ce misalin da aka fi kawowa. Ana tsakiyar labarin Yusufu, an sayar da shi, sai kwatsam aka shiga labarin Yahuza da surukarsa Tamar. An daɗe ana cewa kutse ne. Amma duba: a sura 37 'yan'uwan sun yanka akuya, sun tsoma rigar Yusufu a jini, suka aika wa mahaifinsu da cewa "don Allah duba ka gane". A sura 38 Tamar ta aika wa Yahuza hatiminsa da igiyarsa da sandansa, da kalmomin nan biyu na Ibrananci ba ragi ba ƙari, kuma nan ma akwai ɗan akuya a cikin lamarin. Wanda ya yaudari uba da kaya, da kaya aka tona shi. Robert Alter ya shahara da wannan bayani a 1981, kuma shi da kansa ya faɗa cewa malaman Midrash, wato tsohon tafsirin Yahudawa, sun riga shi gani da ɗaruruwan shekaru.

Hanyoyin biyu ba dole su yi faɗa ba. Ko da an haɗa nassi daga tushe daban-daban, wanda ya haɗa ɗin yana da ido.

5. In na kira nassi "adabi", ba na ce ƙagaggen labari ne ba kenan?

A'a. Kalmar adabi tana magana ne a kan ginin magana, ba ta yanke hukunci kan aukuwar abu. Kirarin sarki adabi ne, sarkin kuma yana nan a fadarsa. Masu wannan fanni akwai limamai a cikinsu, akwai malaman majami'ar Yahudawa, akwai waɗanda ba su yi imani da komai ba. Sai dai a yi adalci ta ɗaya ɓangaren: kyawun tsari ba ya tabbatar da cewa abu ya faru, kamar yadda ba ya ƙaryata shi. Wannan tambaya ce ta tarihi da ta aƙida, kuma kayan aikinta daban ne.

Amfanin da mai imani zai samu shi ne sanin jinsin abin da yake karantawa. Wanda ya ɗauki kambamawa a matsayin doka zai wahalar da kansa. Gungume a cikin ido, ko raƙumi ta kafar allura, an faɗe su ne don su girgiza mai ji.

6. Zabura ba ta da amsa-amo irin na waƙoƙinmu. To me ya sa ake kiranta waƙa?

Domin waƙar Ibrananci ba a kan ƙafiya ta dogara ba, a kan tagwaita ɗango ta dogara. Ɗango na farko ya faɗi abu, na biyu ya amsa masa. Robert Lowth, malamin waƙa a jami'ar Oxford ta Ingila, shi ya tsara wannan bayani a laccocin da aka buga a 1753. Ya ce wani lokaci ɗango na biyu maimaita ma'ana yake yi, kamar Zabura 114: teku ya gani ya gudu, Urdun ya koma da baya. Wani lokaci kishiya yake kawowa, kamar Karin Magana 10:1: ɗa mai hikima farin cikin uba ne, wawan ɗa baƙin cikin uwa. Kashi na uku kuwa Lowth ya zuba duk sauran a ciki, kuma a ganina kwandon shara ne kawai mai suna mai daɗi.

A 1981 James Kugel ya ce ɗango na biyu ba maimaici tsagwaronsa ba ne, ƙari ne: "ga wannan, har ma ga wannan". Shaida mafi kyau tana cikin nassin kansa. A 1 Sama'ila 18:7 mata suka yi waƙa cewa sarki Saul ya kashe dubbai, Dawuda dubun dubbai. Da tagwaitawa maimaici ce kawai, da Saul bai ji haushi ba. Amma ya ji, domin kunnensa ya san ɗango na biyu yakan fi na farko nauyi. Kowane sarki ya san ma'anar a ambaci bara bayan an ambaci ubangida, a kuma ba shi kirari mafi tsawo.

7. Me ya sa labaran suke da rowar bayani haka?

Rowar da gangan ce. Erich Auerbach, Bayahuden Jamus da ya yi gudun hijira zuwa Istambul, ya kwatanta Farawa 22 da waƙar Homa ta Girkawa a littafinsa na 1946. Homa yakan bayyana komai, har tarihin tabon da ke ƙafar jarumi. Farawa 22 kuwa, inda aka umarci Ibrahim ya miƙa ɗansa (Ishaku ne a wannan nassi), ta ba da tafiyar kwana uku ba tare da ta faɗi ko kalma ɗaya daga abin da ke zuciyarsa ba. Abin da aka ba mu shi ne "suka tafi tare su biyu", sau biyu, kafin tambayar yaron da bayanta. Nauyin labarin yana cikin abin da aka ƙi faɗa.

Tunda kalmomi kaɗan ne, duk wadda aka maimaita tana da aiki. A littafin Yunusa, wanda wasu fassarorin Hausa na Kirista ke kira Yunana, kalmar "gangara" tana bin annabin: ya gangara Yafa, ya gangara cikin jirgi, ya gangara can ƙasan jirgin, har ya gangara gindin duwatsu a ƙarƙashin teku. Ba a ce mana gudun kira faɗuwa ne ba, an bar fi'ilin ya faɗa.

Akwai kuma fage mai maimaituwa. Baƙo ya zo rijiya a ƙasar da ba tasa ba, ya haɗu da budurwa, aka ɗebi ruwa, ta ruga gida, aka yi maganar aure. Haka ya faru da baran Ibrahim da Rifkatu a Farawa 24, da Yakubu da Rahila a sura 29, da Musa a Fitowa 2. Daɗin yana wurin bambanci: Ishaku bai ma je rijiyar da kansa ba, Yakubu sai da ya yi kokawa da dutse, Musa ya kori makiyaya masu cin zali. Kowa halinsa ya fito. Mai karanta Yohanna 4, inda Yesu ya zauna bakin rijiya da Basamariya, in ya san wannan fage zai ji yadda aka juya shi.

8. Na ji ana maganar tsarin madubi, inda ƙarshen nassi ke amsa farkonsa. Gaskiya ne ko ƙirƙira?

Akwai shi, kuma an cika shi da yawa. Tsari ne kamar na wanda ya je kasuwa ya dawo ta hanyar da ya bi: abin da ya fara wucewa shi zai wuce a ƙarshe. A gajeren zance ba gardama. Markus 2:27 ta ce an yi Asabar, ranar hutun Yahudawa, domin mutum, ba mutum domin Asabar ba. Farkon Farawa 9:6 kalmomi shida ne a Ibrananci: zubar, jini, mutum, sannan mutum, jini, zubar. A labarin Ruwan Tsufana ma, Gordon Wenham ya nuna a 1978 yadda kwanakin ke tafiya 7, 7, 40, 150, su dawo 150, 40, 7, 7, kuma a tsakiya ga jimlar "Allah ya tuna da Nuhu".

Matsalar tana farawa ne in mutum ya ɗauki littafi sukutum, ya lakaba wa kowane sashe taken da ya ga dama, ya tsallake ayoyin da suka ƙi shiga, sannan ya ce ya gano sirri. Gwajin mai sauƙi ne: shin kalmomin nassin ne suke amsa juna, ko taken da kai ka rubuta? Wasiƙun Sabon Alkawari karanta su ake yi da murya a gaban jama'a, kamar yadda Kolosiyawa 4:16 ta nuna. Tsarin da sai da allo da alli ake ganinsa, da wuya a ce don kunne aka yi shi.

Markus yana da wata dabara ta kusa da wannan wadda ba ta buƙatar allo: yakan sa labari a cikin labari. A sura 5 an fara da 'yar Yayirus, aka katse da mace mai zubar jini shekara 12, aka koma ga yarinyar, sai a ƙarshe aka ce shekararta 12.

9. Yaya annabawa suke kama mai sauraro?

Amos ne gwanin wannan. Makiyayi ne daga Tekowa ta ƙasar Yahuza, ya je masarautar Isra'ila ta arewa a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. Bai fara da laifinsu ba. Ya fara da Dimashƙu, sai Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, kowace da amshi iri ɗaya: saboda laifi uku, har huɗu. Kana iya jin jama'a suna gyaɗa kai, ana ta dukan maƙwabta. Na bakwai Yahuza ce, kishiyarsu, kuma bakwai lambar cika ce, kowa ya ɗauka an gama. Sai ga na takwas, Isra'ila, mafi tsawo duka: suna sayar da adali saboda azurfa, matalauci saboda takalmi ƙafa biyu. Wanda ya ce amin sau bakwai ba shi da bakin musu a na takwas.

Irin wannan tarko ne annabi Natan ya ɗana wa sarki Dawuda a 2 Sama'ila 12, da labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci. Sai da sarki ya yanke hukunci da bakinsa aka ce masa "kai ne mutumin". Musulmi ba su yarda da laifin da wannan littafi ya jingina wa Annabi Dawuda ba, kuma karatun balaga ba ya neman su yarda, kamar yadda aka faɗa a amsa ta 5. Abin da ake kallo shi ne yadda ake gaya wa mai mulki gaskiya a fita da kai.

10. Bulus ya yi karatun balagar Girkawa ne?

Masana sun rabu. Shi da bakinsa ya ce a 2 Korintiyawa 11:6 ba gwanin magana ba ne, amma irin wannan ƙanƙan da kai ma tsohuwar dabara ce ta masu jawabi. Aristotil ya raba jawabi uku: na kotu, na shawara, da na yabo ko zargi. Hans Dieter Betz ya ce a 1979 Galatiyawa jawabin kare kai ne irin na kotu. George Kennedy ya ce a 1984 a'a, na shawara ne, domin Bulus yana so su yanke abin da za su yi nan gaba. Manyan masana biyu, ma'auni ɗaya, sakamako biyu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sassauta wajen tura wasiƙa cikin akwatin jawabi.

Amma ko bai zauna a aji ba, gwanintar tana nan, kuma wasiƙarsa zuwa ga Filimon mai ayoyi 25 ta isa shaida. Bulus yana kurkuku, yana roƙon Filimon a kan bawansa, Onisimus. Ya sa sunan ikilisiyar da ke taruwa a gidan Filimon cikin gaisuwa, ma'ana a gaban jama'a za a karanta. Ya fara da yabon alherin mutumin. Ya ce yana da ikon ba da umarni, amma ya gwammace ya yi roƙo, shi tsoho ɗaurarre. Bai ambaci sunan bawan ba sai aya ta 10, bayan ya kira shi ɗansa. Sunan Onisimus ma'anarsa "mai amfani", sai ya ce dā ba shi da amfani a gare ka, yanzu yana da shi. Ya ce in akwai bashi a rubuta a kansa zai biya, ya ƙara da cewa ba sai ya tuna masa ba cewa ransa ma bashi ne a wurinsa. Ya faɗa kenan, yana cewa ba zai faɗa ba. Daga ƙarshe ya ce a shirya masa masauki, yana nan tafe. Duk wanda dattijo ya taɓa ɗaure shi da igiyar kunya a gaban mutane ya san babu ƙofar da aka bar wa Filimon.

11. Me ke ɓacewa in na karanta da Hausa?

Labari da tagwaitawa suna tsallakowa lafiya, wannan sa'a ce. Abin da ke mutuwa a hanya shi ne sauti. A Amos 8 an nuna wa annabin kwandon 'ya'yan itacen bazara, aka ce ƙarshe ya zo. Da Hausa ba alaƙa, amma a Ibrananci kalmomin "ƙayis" da "ƙes" ne. A Irmiya 1 reshen almon "shaƙed" ne, mai lura kuma "shoƙed". Zabura 119 tana da ayoyi 176, kashi 22 bisa haruffan Ibrananci, kowane kashi ayoyinsa takwas da harafi ɗaya suke farawa. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: Nana Asma'u tana da waƙar da haruffan farkon baitocinta suke haɗa ayar "fa'inna ma'al usri yusra".

Tun fassarar 1932, wadda likita Walter Miller na Zariya ya jagoranta, masu fassara suke fama da zaɓi tsakanin daɗin Hausa da riƙe maimaicin asali. Fassarar da ta sauya "gangara" da kalmomi huɗu daban-daban za ta fi daɗin ji, amma ta ɓatar da abin da aka nuna a amsa ta 7. Maganin shi ne ajiye fassara biyu a gefe da gefe. A kuma tuna cewa lambobin surori aikin Stephen Langton ne a farkon ƙarni na 13, na ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ya sa su a 1551. Shi ya sa kwana na bakwai na halitta ya faɗa sura ta 2, a yanke da 'yan'uwansa shida.

12. Wanda ya karanta balagar Larabci a zaure, tana da amfani a nan?

Ƙwarai. Tashbihi, isti'ara, kinaya, jinasi da ɗibaƙi duk suna da takwarorinsu, abin da ibn Ezra ya nuna kenan (amsa ta 3). Hujjar "balle" ma ɗalibin usulu ya san ta da sunan ƙiyasin aula. Hanyar ba ta tafi gefe ɗaya kawai ba. Al-Biƙa'i, wanda ya rasu a 1480, ya gina tafsirinsa a kan dacewar ayoyi da surori, ya kuma kawo dogayen nassosi daga Attaura da Linjila, har wasu malaman Alƙahira suka yi masa ca, ya rubuta littafin kare kansa. A 2007 Michel Cuypers, malamin Katolika da ke zaune a Alƙahira a lokacin, ya gwada ma'aunin tsarin madubi a kan Suratul Ma'ida. Kayan aiki ne ake aro wa juna, aƙida kuwa kowa yana kan tasa: abin da Musulmi ke nufi da i'ijazi ba shi ne abin da yawancin Kirista ke nufi da hurarriyar magana ba.

13. Ta ina zan fara?

Ɗauki gajeren littafi: Rut, Yunusa ko Filimon. Karanta shi duka a zama ɗaya, da murya, ba tare da kallon lambobin ayoyi ko kanun da masu bugawa suka sa ba. A karo na biyu riƙe fensir, ka ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ta dawo, ka lura da wa ya yi magana da wa ya yi shiru, da inda labari ya yi gudu da inda ya tsaya. Sharhin malamai sai a karo na uku.

In Yunusa ka zaɓa, surori huɗu ne, minti goma sun isa. Lura cewa matuƙan jirgi da mutanen Nineba, har da dabbobinsu, duk sun fi annabin saurin amsawa, sannan ka duba aya ta ƙarshe. Tambaya ce Allah ya yi masa a kan birni mai mutum fiye da 120,000 da dabbobi masu yawa, kuma ba a rubuta abin da Yunusa ya amsa ba.